Ƙasar Gindin Gawo

Akwai wata kafa a katangar da ta raba gidanmu da na maƙwabciyata, faɗinta bai wuce na faifai ba. Tun kafin a kawo ni gidan take nan. Ta cikinta muke miƙa wa juna garwashi, da gishiri, da ɗan kwanon ɗanɗano idan ɗayarmu ta yi girkin da take alfahari da shi. Maƙwabciyar ta girme ni da kusan shekara goma, shi ya sa nake ce mata Yaya. Ita kuwa ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai “'yar boko”, don na gama sakandare kafin aure, kuma ta taɓa leƙowa ta same ni ina karanta takardar da aka ƙunso mana ƙosai a ciki.

A Daura ne wannan, cikin shekarun farko na shari'a. Lokacin kowa ya riƙi addini da sabon ƙarfi. Mu matan aure mun cika Islamiyya, Asabar da Lahadi, hijabi har ƙasa. Magana kaɗan ta haɗa mutum biyu sai ka ji an ce a ɗauko Alƙur'ani. Na faɗi wannan ne don a gane nauyin abin da na kusa jawo wa baiwar Allah.

Yaya tana da lambu a bayan ɗakinta: alayyafo, yakuwa, lalo, ɗan kuɓewa. Mijinta fataucin dabbobi yake yi, sai ya yi sati uku ba a ga ƙeyarsa ba, don haka lambun nan shi ne cefanenta, shi ne sabulunta. Duk matan unguwa wurinta suke aikawa. Ni kuma kullum in na leƙa ta kafar na ga koren nan a tsakiyar rani, sai raina ya biya. Wata rana na ce mata ni ma zan gwada.

Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, “To fa! 'Yar boko za ta ƙwace mini kasuwa. Da biro za ki yi noman ko da cokali?”

Ni ma na yi dariya. Ita ce ma ta ƙullo mini irin alayyafo da na yakuwa a tsumma, ta miƙo ta kafar.

Matsalar gidanmu ƙasa ce. Rairayi ne zalla. Ka juye guga, kafin ka juya ka dubi wurin ya shanye kamar ba a zuba komai ba. Na yi wa maigidana magana. Malam nake ce masa. Ma'aikaci ne a ofishin ƙaramar hukuma, amma yana noma gonar da mahaifinsa ya bari a hanyar Sandamu. Yawancin gonar jigawa ce, sai dai can ƙasa akwai wani ɗan kwari da tsohon gawo a tsakiyarsa, inda shanun Fulani suke kwanciya da rani. Ƙasar wurin baƙa ce wuluk, in ta jiƙe sai ta kama hannu. Malam ya sa aka ciko amalanke aka kawo mini. Na tsaya ina shafa ta kamar an kawo mini atamfa.

Na ja fangali huɗu a gindin katanga, don wurin yana samun inuwa da yamma. Na barbaɗa toka kamar yadda na ga mahaifiyata tana yi. Ragowar ƙasar na ɗura a buhu na ajiye a sito na kulle, ko zan ƙara fangali nan gaba. Na shuka da bisimilla. Safe da yamma ina jan ruwa a rijiya ina ba su.

Sun fito gwanin sha'awa. Kwana biyar fangalin ya yi kore shar. Har na fara tunanin wa da wa zan aika wa tsinkar farko. Da suka kai ganye huɗu, sai na ga gefen ganyen ya fara yin rawaya. Washegari rawayar ta ci zuwa ciki, gefen kuma ya bushe ya nannaɗe kamar an gifta masa wuta. Kafin mako ya zagayo babu ko ɗaya a tsaye. Na duba ƙarƙashin ganye, babu tsutsa, babu huda. Na tumɓuke na dubi saiwa, fara tas, ba abin da ya ci ta.

Abin da ya fara zo mini a rai, Allah Ya yafe mini, shi ne irin. Wa ya ba ni iri? Na kori tunanin, na yi istigfari, amma ban sake karɓar iri a wurinta ba. Na sa Malam ya sayo mini a kasuwa. Na sake shukawa. Suka sake fitowa da kyau, suka sake kai ganye huɗu, suka sake ƙonewa, irin ƙunar farko ba bambanci.

Surukata, mahaifiyar Malam, tare muke zaune, tana sashenta. Inna muke ce mata. Ta fito da sandarta ta tsaya a kan fangalin ta daɗe tana kallo.

Ta ce, “'Yar nan, na kai shekara sittin ina ganin shuka tana mutuwa. Ta ƙishi daga sama take sunkuyawa. Ta tsutsa ana ganin cizo. Wannan ba cuta ba ce. Wannan hannu ne.”

Da na yi shiru a nan, da shi ke nan. Amma bakina ya riga ni. Na ce, “Inna, ranar da na ce zan yi lambu, Yaya ta ce wai zan ƙwace mata kasuwa.”

“Ta faɗa da bakinta?”

“Cikin wasa ne dai.”

“Wasa,” in ji Inna. Ta ɗaga sanda ta nuna kafar katangar, wadda take daidai saman fangali na biyu. Sannan ta koma ɗaki.

Daga ranar idona ya canza. Duk abin da na kalla sai ya zama shaida. Na lura ƙasar fangalin tana yin wani farin ɓawo-ɓawo idan ta sha iska. Na dangwala na ɗanɗana, na ji bauri kamar kanwa. Na ce shi ke nan, ruwan kanwa ake watsowa. Ban tuna da tokar da na barbaɗa da hannuna ba. Na koma share gindin katangar fes kowace yamma, don in an zubo wani abu in ga sawunsa da safe. Wata safiya na ga laima ta gangaro daga kafar, tsawon yatsa. Na tsaya a kanta ina kallo. Ta yiwu kunun da Yaya ta miƙo wa Inna jiya ne ya ɗiga, amma wannan bai zo mini ba sai daga baya. In na ji tana jan ruwa, sai in ce me za ta haɗa. In na ji ta yi shiru, sai in ce me take saurare. Har dambun da ta miƙo mini ran Juma'a, kaji na zuba wa, na tsaya ina kallonsu ko za su faɗi. Suka cinye suka nemi ƙari.

Sai na ɗauki wani tsohon kwanon samira na cusa a kafar, na toshe ta.

Yaya tana ƙwanƙwasa kwanon daga can. “'Yar boko! Ko an yi tafiya ne ba sallama?”

Ba na iya yi mata ƙarya, kuma ba na son amsawa. Sai na samo dabara: da na ji motsinta in shimfiɗa darduma in ɗauki carbi, don in an tambaye ni in ce ina lazimi. Har yau in na tuna na mai da ambaton Allah maɓoya, sai kunya ta rufe ni.

Wata rana bayan la'asar ta ture kwanon kaɗan, ta yi magana ta gefensa. Muryarta ba wasa a ciki. Ta ce, “Ke, miƙo mini ganyen nan naki guda ɗaya da ya mutu in gani.”

Na ƙanƙame carbi. A raina na ce, kin zo duba aikinki ke nan. Ta jira, ta sake kira sau ɗaya, sannan na ji takunta ya yi nisa.

Da na faɗa wa Inna, ta ce magana ta ƙare. Da Malam ya dawo daga aiki ta kira shi, ni ina tsugune a bakin ƙofa. Ta ce za a kai maganar gaban mai unguwa, a ɗora wa matar nan Alƙur'ani ta rantse.

Malam ya ce, “Haba Inna. A bar maganar nan. Ganye ne fa.”

“Yau ganye ne. Gobe randar ruwanka ce. Katanga ɗaya ce tsakaninku.”

“Ni dai da an bari.”

Na lura bai ɗago ya dubi kowa ba, yana ta murza hularsa a gwiwa. Na ɗauka kunyar maƙwabtaka ce. Inna ta ce za ta Mashi wankan jegon autarta, mako biyu, in ta dawo ranar Juma'ar farko za a yi ta ta ƙare.

Na san abin da rantsuwa take nufi. Ko Yaya ta rantse ta kuɓuta, sunanta ya zama “wadda aka rantsar”. Wace mace ce za ta sake aikawa a sayo mata ganyen miya a gidan da aka ce ana haɗa abin kashe shuka? Lambun nan shi ne rufin asirinta. Na san haka sarai, kuma raina yana mini zafi, amma zargin bai sake ni ba. Ran Asabar malamarmu ta Islamiyya ta yi darasi a kan mummunan zato da haƙƙin maƙwabci, na ji kamar ni kaɗai take kallo. A hanyar gida na ce wa kaina, nawa ai ba zato ba ne, ina da dalili. Sai wata zuciyar ta ce, to ina dalilin? Ɓawon ƙasa da laimar kunu?

A nan na tuna da darasin aikin gona a makaranta, inda aka sa mu shuka wake a gwangwani muna auna tsawonsa. Gaskiya zan faɗa: ba don in wanke Yaya na yi ba, don in kama ta na yi. Lissafina shi ne, ƙasar buhun da ke sito ba wanda ya taɓa ta, makullin yana ƙulle a bakin zanena. In wake ya rayu a cikinta, ya mutu a ta fangali, to an zuba wa fangalin wani abu, kuma zan kai gwangwanayen gaban mai unguwa da kaina.

Na samo gwangwanin tumatir uku na huda gindinsu. Na farko na cika da ƙasar fangali, na biyu da ta buhu, na uku da rairayin tsakar gida, don kawai na tuna malaminmu ya ce a riƙa barin ɗaya na kwatance. Na ɗaura wa kowanne zare mai launi daban. Wake uku-uku, daga mudun da muke ci. Na jera su a bakin tagar ɗakina ta ciki, inda rana take shigowa da hantsi, nesa da kowace katanga. Ruwa ɗaya nake ba su, daga butar alwalata.

Duk suka tsiro. Na buhu ma ya fi sauran ƙiba, har na fara jin daɗin da bai kamata mumini ya ji ba. Kwana tara na fangali ya fara rawaya a gefen ganye. Na ce, na kama ki. Na kwana biyu da wannan a raina, ina shirya abin da zan faɗa.

A rana ta goma sha ɗaya da safe, na ɗaga labule, sai ga rawayar nan a gefen ganyen na buhu.

Na juya gwangwanin na duba zaren, ko na rikita. Ban rikita ba. Na zauna a bakin gado. Wai kuma maimakon in ji sanyi, sai zuciyata ta shiga neman hanyar da Yaya ta bi ta shiga sito. Na je na duba kwaɗon, na duba rufin, na duba ko ɓera ya yi rami ta ɓangarenta. Sito ba ya ma jingine da katangarta. Na ce to ruwan rijiya ne aka zuba wa abu. Amma ga na rairayi nan, ruwa ɗaya suke sha, siriri ne dai amma kore shar, har ya fara neman abin kamawa.

Ƙasar ce. Da abinta ta zo.

Zargi idan ya saba da mutum ba ya tafiya, wuri yake sakewa. Ina zaune sai abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Bara ba mu samu wake daga gona ba, ko ƙwarya ɗaya, alhali kullum ana ratsa shi a tsakanin dawa. Malam ya ce fari ne. Amma dawa ta yi kyau. Bara kuma ban dafa abincin 'yan ƙodago na noman biyu ba, ya ce ciyawa ba ta yi yawa ba. Sannan akwai ranar da ya dawo daga gona ya wuce bayan gida ya wanke wandonsa da rigarsa da kansa, mutumin da ko hankici bai taɓa wankewa ba. Na yi masa tsiya a lokacin, ya ce taɓo ne. Ga kuma hular nan da yake murzawa a gaban Inna.

Da ya dawo da azahar na kai masa abinci. A kan tiren, kusa da kwanon tuwo, na jera gwangwanayen uku.

Ya ce, “Wannan kuma fa? Sabuwar miya ce?”

Na nuna masa ɗaya bayan ɗaya, na faɗi inda na ɗebo ƙasar kowanne. Sannan na ce, “Malam, don girman Allah, me ka zuba a gona bara?”

“Taki mana.”

“Ban da taki.”

Ya wanke hannu, ya ɗebi loma, ya mayar da ita cikin kwano. Ya dubi ƙofa, ko da yake ya san Inna tana Mashi.

Ya ce, “Maganin ciyawa ne. Na feshi.”

Kowa a gidan ya san marigayi mahaifinsa ya hana. Tun da maganin ya fara shigowa kasuwa tsohon ya ce muddin gonarsa ce, ba za a zuba mata abin da ke kashe tsiro ba, kuma bayan rasuwarsa Inna ta riƙe maganar kamar wasiyya. Malam ya ce aikin ofis ya hana shi sakat, ciyawa ta taso, ma'aikata sun yi wuya, wani abokinsa ya ba shi aron abin feshi. Ya feshe gonar kaf. A kwarin ma ya ƙara hannu, don can ciyawa ta fi ƙarfi, kuma a gindin gawon ya ɗauraye tankin. Bayan nan ruwa bai fi sau uku ba ya ɗauke.

Ya ce, “Amma ai ya mutu tuni. A jigawa ko wata biyu ba a yi ba ciyawa ta dawo. Abin da aka fesa tun damina, yaya za a yi ya kai bazara?”

Na ce, “Ni ban san ta jigawa ba. Ta gindin gawo aka kawo mini.”

Ya ɗauki gwangwanin buhu yana juya shi. Can ya ce, a hankali, haka waken bara ya yi. Irin wannan ƙunar, daga gefe.

“Tun yaushe ka gane?”

“Ban gane ba. Na dai yi tunani. Tun shukarki ta farko.”

Ban taɓa ɗaga wa Malam murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Hawaye ne kawai suka zubo. Na ce, “Gobe Inna za ta dawo. Ran Juma'a za a ɗora wa matar mutane Alƙur'ani a kan abin da ka ɗauraye a gindin gawo. Ni na fara, ni na kai maganar, wannan nawa ne. Amma ba zan iya zuwa in tsaya a wurin ba. In ba ka faɗa mata ba, ka yi mini izini in faɗa.”

 Tuwon ya huce. Daga ƙarshe ya ce in ba shi gwangwanayen a leda.

Wurin wani malamin gona da suke masallaci ɗaya ya kai su, ina jin yana fatan a ce masa ba haka ba ne. Ya dawo jiki a sanyaye, ya zauna ya maimaita mini abin da aka gaya masa. Wai irin wannan maganin yana ƙyale dawa da masara, amma duk mai faɗin ganye, wake ne, gyaɗa ce, alayyafo ne, ba ya barinsa. Rairayi ba shi da abin riƙo, ruwa biyu uku sun isa su wanke maganin ya nutse ƙasa can inda saiwa ba ta kai ba, shi ya sa ciyawar jigawa ta dawo da wuri. Baƙar ƙasa kuwa, mai laka da kashin shanu, kama shi take yi ta riƙe. Kuma ba ya ruɓewa sai da laima. A wuraren da ruwa ke daɗewa, kafin shekara ta zagayo ya lalace. Mu nan da damina take gajeriya, in ruwa ya ɗauke da wuri ƙasa ta bushe ƙamas, sai ya kwanta a ciki yadda yake, wata da watanni. Ni da nake jan guga safe da yamma, ni nake tashinsa, ƙasar tana sakinsa kaɗan-kaɗan daidai bakin saiwa. Tokar da na barbaɗa ma, in ji malamin, ta taimaka wajen kwance shi. Ya kuma ce bana kada a kuskura a sa wake ko gyaɗa a kwarin.

Inna ta dawo ran Laraba da tsarabar ƙuli-ƙuli. Malam ya bari ta huta, ta yi la'asar, sannan ya shiga ya durƙusa. Ina daga madafa ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa. Ta Inna sau ɗaya na ji.

“Gonar ubanka?”

Kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa da fiye da “lafiya” ba. Maganar mai unguwa kuwa ba ta sake tayar da ita ba, ba ta kuma ce a ba kowa haƙuri ba. Da na ce mata zan shiga wurin Yaya, cewa ta yi, “Ke kika ji wasan, ai ke za ki.”

Ran Alhamis da hantsi na nemi izini, na sa hijabi, na zagaya ta ƙofar gida. Na yi shekaru ina magana da matar nan kullum, amma ban fi sau biyar na taka zaurenta ba. Na same ta a tsugune cikin yakuwa tana tsinka. Ta amsa sallamata ba ta ɗago ba.

Ta ce, “Gobe ne ko? Ai na wanke hijabina tun shekaranjiya. Na ce kada in je gaban mai unguwa da datti, a ce ga ƙazama ga mayya.”

Ashe ta sani. Inna ta faɗa wa wata a motar Mashi, kafin motar ta dawo magana ta zagaye unguwa. Kwana goma ke nan, in ji ta, gida uku sun daina aikowa.

Na durƙusa a bakin fangalinta na faɗa mata komai, tun daga irin da na zarga har dambun da na ba kaji. Ban rage ba. Na ce, “Yaya, ki yafe mini don Allah. Na zalunce ki.”

Ta zuba yakuwar a faifai, ta karkaɗe hannu. Ta ce, “Kin tuna ranar da na ce ki miƙo mini ganye?”

Na ce na tuna.

“Ƙanena a Baure, shekara biyu da suka wuce, haka gyaɗarsa ta yi a gonar da ya karɓa aro. Na hango naki ta kafa na ce wannan kamar shi ne. So nake in gani a hannu, in tambaye ki daga ina aka kawo ƙasar. Ina jin ƙarar carbinki, ƙwas, ƙwas. Na ce to, Allah Ya karɓa.”



Ta ce, “Kaji dai sun ji daɗi. Da man shanu na yi shi.” Ta ɗan yi murmushi, ba irin wanda na sani ba. “Tashi, kada ki ɓata hijabinki. Na yafe. Allah Ya yafe mana baki ɗaya.”

Ta cika mini faifai da yakuwa, ta ƙi karɓar komai. Da zan fita na waiwaya wajen katanga, sai na ga ta liƙe kafar da laka ta ɓangarenta, ta shafe sumul. Da na koma gida na zare kwanon samirar, bayan lakar na tarar.

Abin da zan iya na yi. Ran Asabar bayan darasi na tashi a gaban matan Islamiyya, na ce ni ce na yi wa maƙwabciyata mummunan zato, kuma ga abin da ya kashe mini shuka. Na nuna musu gwangwanin. Wasu suka yi dariya, wasu suka zo suna tambaya, don su ma mazansu sun fara feshi. Gida biyu suka koma aikawa wurin Yaya a makon. Na ukun bai koma ba har abada, ban kuma san dalili ba. Malam ya sa aka kwashe baƙar ƙasar aka mayar gindin gawo. Sai da damina biyu suka wuce kafin waken gwaji ya rayu a cikinta.

Kafar kuwa, ruwan farko na daminar nan ya zubar da rabin lakar. Ba ta sake liƙewa ba, ni ma ban taɓa ba. Wata safiya ashanata ta ƙare, na tsaya a wurin na yi ta maza na ce, “Yaya, ko da wuta?” Aka ɗan jima, sai ga garwashi a murfin kwano ya leƙo ta ragowar ramin.

Ta ce, “Ga shi, maƙwabciya.”

Muka ci gaba da miƙa wa juna gishiri da kwanon ɗanɗano har shekara huɗu, kafin mijinta ya mayar da su Baure. Ta zo sunan 'yata, na je jana'izar mahaifiyarta. Amma “maƙwabciya” ta ci gaba da ce mini. Na yi ta ajiye takardar ƙosai a inda za ta hango ni ina karantawa, ko za ta manta ta ce “'yar boko”. Ba ta manta ba.

Yanzu ina da lambu, ya fi nata na da girma. Duk ƙasar da za a kawo mini, ko daga ina take, ko wa ya kawo, ko Malam ne da kansa, sai ta yi mako biyu a gwangwani a bakin taga, da wake uku a ciki, kafin ta taɓa fangalina.